Gwajin SIDA: a gida ko a likita?

Tun da na yi maganar saduwa ta baki, 'yan Damagaram ke ta tambayata wane gwaji ya fi. Haɗarin ɗaukar SIDA ta wannan hanya ƙanƙane ne ƙwarai, sai dai gyambon baki ko dasashi mai jini na ƙara shi.

Na gida rufin asiri ne. Ka goga sandar gwajin a dasashi, ka tsoma cikin ruwan kwalbar da ke tare da ita, minti 20 ka duba layi. Amma yana iya kasa gano cutar sai bayan wata 3 da kamuwa, kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ka ga kuwa bazarar Zinder ba wasa ba. In layi biyu suka fito, wato mai yiwuwa akwai cutar, dole dai ka je likita a tabbatar.

A likita jini ake ɗiba. Akwai layin jira, ga fargabar haɗuwa da ɗan unguwarku. Sai dai can ake duba tunjere da ciwon sanyi, waɗanda su ne suka fi bin baki, kuma maganin SIDA kyauta ne.

Wanda kunya ta hana shi fita, ya fara da na gida. Mai gyambo, ciwon maƙogwaro ko fitar ruwa, ya nufi likita.