Polikulonal ko monokulonal: wanne ya fi gano furotin mai fosfet?

'Yar'uwa, kin ce kina son antibodi (furotin da garkuwar jiki ke yi don ya kama wani abu takamaimai) da ba zai kama furotin ɗinki ba sai lokacin da fosfet, wani ɗan sinadari, ya maƙale a kan serin guda (ɗaya daga amino asid, tubalan ginin furotin), kuma kin rasa wanne za ki zaɓa tsakanin biyun.

Mafarinsu ɗaya ne. Ana haɗa ɗan guntun furotin, amino asid 10 zuwa 15, da fosfet a daidai gurbin, a ɗaura shi a kan babban furotin mai zaburar da garkuwar jiki kamar KLH, a yi wa dabba allura don jikinta ya ƙera antibodi.

A polikulonal, wato antibodin da ƙwayoyin halitta da yawa suka ƙera, zomo ake yawan amfani da shi, cikin wata biyu zuwa uku ruwan jinin ya samu. Sai dai gauraye yake: wasu antibodin suna ganin fosfet, da yawa kuwa guntun kawai suke gani. Dole a tace sau biyu. A fara bi da shi ta kan guntun da ba shi da fosfet, duk wanda ya maƙale a watsar. Ragowar a bi da su ta kan mai fosfet a tattara. Mutumin da bai yi tacewar farko ba zai ga layin da ke nuna antibodi ya kama a kan gwajinsa ya yi ta murna, alhali furotin ne tsirara, ba fosfet. Kuma in jinin zomon nan ya ƙare, na gaba ba lallai ya yi daidai da shi ba.

Monokulonal, hanyar da Köhler da Milstein suka fito da ita a Kambirij a 1975, daga ƙwayar halitta ɗaya yake, an haɗa ƙwayar saifar dabbar da aka yi wa allura da ta ciwon daji don ta yi ta hayayyafa. Ya fi cin lokaci da kuɗi, amma na bana da na baɗi duk ɗaya ne. In yana da aibi ma, da aibinsa zai dawwama. Dubi histon H3, furotin da DNA ke naɗewa a kansa: amino asid lisin na 9 da na 27 duk suna cikin jerin amino asid iri ɗaya, ARKS, shi ya sa wani antibodin kan ɗauki wannan a matsayin wancan.

Ni dai, in gurbin sabo ne, da zomo zan fara. In aikin na shekaru ne, monokulonal.

Ko wanne kika ɗauka, ki raba samfurinki biyu, ki zuba wa rabi fosfatas ya cire fosfet ɗin. Layin ya kamata ya ɓace. Sannan ki maye gurbin serin ɗin da alanin, amino asid da fosfet ba ya maƙale masa, ki sake gwadawa; nan ma layin ya kamata ya ɓace.