Tarin fina-finai na gida a Ankara: faifai, filash ko rumbu?

Kawuna ya tashi a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, lokacin da sinimar Dunia take tashe, kuma har yau in aka taɓo hirar fim sai ya gyara zama. Bara, ana saura wata biyu babbar Sallah, ya kira ni ya ce: "Ɗana, haɗa mini fina-finan da za su ishe ni da jikoki. A sa na da, a sa na yanzu." Yana son tsofaffin Indiya irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975, yana son Chaplin don yara su yi dariya, da Kannywood na farkon zamani, da kaɗan daga sababbin da ake yayi. Na ce masa aikin yini ɗaya ne. Sai bayan Sallah na kammala, kuma sau biyu na biya.

Netflix na masu son sabo ne, kuma data yake sha kamar rairayi. Tsofaffin da ke cikinsa ba su taka kara sun karya ba, fim ɗin da ka gani yau ma yana iya ɓacewa wata mai zuwa. DStv da GOtv da StarTimes kuwa abin da aka zuba maka shi za ka ci, ko da yake Arewa24 tana ɗebe wa tsofaffi kewa. Silverbird ta Accra Mall wurin fita ce da amarya, ba wurin tara fim ba. YouTube yana da amfani, musamman tashoshin da masu shirya fina-finan Hausa suka buɗe da kansu, sai dai dattijo ba ya jure talla a tsakiyar waƙa.

Faifan DVD mai "fim 20 a faifai 1" shi ma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Faifai na gama-gari yana ɗaukar giga 4.7 ne. Raba wannan gida 20, kowane fim bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na giga ba. Shi ya sa da an nuna dare a fim sai fuskar jarumi ta koma kamar an dama kunu. Faifai na asali, irin wanda ake samu cikin kayan da aka yi amfani da su daga Turai, ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma a duba lambar yanki a bayan kwali: na Amurka 1, na Ingila da Turai 2, mu a nan muna cikin 5. Injin da ba a buɗe shi ya karɓi faifan kowane yanki ba zai tofo shi waje.

Abin da na tsaya a kai shi ne rumbun ajiya na kwamfuta, wanda yaran Sakul, wurin hada-hadar wayoyi da kwamfuta a Ankara, ke kira eksitanal. Mai tera 1, wato giga 1000, yana cin fim kamar 600 in kowanne ya kai giga ɗaya da rabi, kuma a wannan girman hoto yana fita tsaf a talabijin ɗin falo. Ba ya neman data, ba ruwansa da ruwan sama, ba wanda zai shigo da dare ya cire maka fim. Ka soka shi a ƙofar USB, ka miƙa wa tsoho rimot, shi ke nan. Abin da ya fi burge ni ma shi ne kai ke tsara shi. Na raba na Kawu gida-gida da sunayen da zai gane: Marasa magana, Indiya ta da, Namu na Gana, Hausa, Na yara.

Gidan marasa magana ya fi kowanne sauƙin cikawa, kuma ba da kuɗi ba. Fina-finan Amurka da suka fita kafin 1930 haƙƙin mallakarsu ya ƙare a can, don haka da yawa suna shafin Internet Archive kyauta. Can na ɗauko 'yan gajerun na 'yan'uwa Lumière, waɗanda suka fara nuna wa jama'a fim da tikiti a Faris a Disambar 1895. Kowanne bai cika minti ɗaya ba. Na ɗauko tafiyar wata ta Méliès ta 1902, da The Kid na Chaplin na 1921. In za ka ɗauki The Gold Rush ka lura iri biyu ne: na 1925 mara magana, da wanda Chaplin ya sake fitarwa a 1942 ya ɗora muryarsa a kai. Jikokin Kawu, waɗanda ba sa ɗaga kai daga waya, sun yi dariya har da faɗuwa a wurin da yunwa ta sa ya dafa takalminsa yana cin igiyar kamar taliya. Ba wanda ya nemi fassara.

Namu na Gana ne suka fi wuyar samu. The Boy Kumasenu na 1952, Love Brewed in the African Pot na Kwaw Ansah na 1980, Kukurantumi na King Ampaw na 1983, duk an san sunayensu, amma kwafi mai kyau sai an sha yawo. Tun da aka sayar da kaso mafi yawa na kamfanin fim na gwamnati ga wani kamfanin Malesiya a 1996, tsofaffin faifan da yawa ba su sami kulawar kirki ba. In ka ci karo da Jaguar na Jean Rouch, kada ka bari ya wuce: labarin samari uku ne daga Nijar da suka gangaro ci-rani Ankara da Kumasi kafin 'yancin kai, hanyar da kakannin yawancinmu suka biyo. Sababbin kuma da na Kannywood, inda duk akwai hanyar biyan mai fim, a biya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana nan, kuma ko babu ita, gumin wani ne.

Rumbun yana da nasa aibin. A cikinsa akwai faifai mai juyawa, faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana iya kashe shi, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakar zuba fim, fim ɗin ya lalace. Wasu tsofaffin talabijin ba sa iya ba shi isasshiyar wuta. In an tsara shi a FAT32 kuma, ba zai karɓi fim da ya wuce giga 4 ba, sai a mai da shi exFAT ko NTFS, gwargwadon wanda talabijin ɗinka yake karantawa.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Kafin rumbun, filash na fara saya. Wani yaro a Sakul, mai tebur da lema, ya nuna mini filash an rubuta tera 2 a jikinsa, da sunan wani babban kamfani, a kuɗin da bai kai na rumbu mai rabin tera ba. "Maigida, ai an riga an cika maka shi, fim 400 ne a ciki." Ya soka a kwamfutarsa, sunaye suka jeru har ƙasa, kowanne da girmansa a gefe. Ya buɗe na farko, ya yi. Ya buɗe na biyu, ya yi. Na tura masa kuɗi ta MoMo ina ganin na ci riba. Ranar Sallah da yamma falo ya cika, an ci nama, Kawu ya sa tabarau ya ce a sa masa Sholay. Allo ya yi baƙi. Aka gwada wani, baƙi. Cikin 400 ɗin, 11 ne suka buɗe. Kawu bai ce mini komai ba, ya dai cire tabarau ya mai da aljihu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma Sakul bayan kwana biyu, mai sayar da murfin waya na tarar a wurin.

Yadda damfarar take: ana ɗaukar ƙaramin filash mai giga 8 ko 16, a sake wa ƙwaƙwalwarsa lissafi ta riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da filash ya faɗa shi take nunawa. In ainihin wurin ya cika, abin da aka ƙara ko dai ya bi iska ko ya hau kan na baya, amma sunayen suna nan a jere. Don haka kada ka bar mai sayarwa ya zaɓi fim ɗin gwaji. Kai za ka zaɓa, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, biyu a can ƙasa, kuma kowanne ka ja shi zuwa minti goma na ƙarshe. Wanda ya ce yana sauri, bar masa kayansa. In sabo ne babu komai a ciki, akwai ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika shi tam ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. Tana cin awanni, don haka sai a shago mai ƙofa, mai ba da rasit, wanda ya yarda ka dawo da kaya gobe.

Rumbun ma ba su bar shi ba. Akwai wanda za ka ɗauka ka ji nauyi, in an fasa sai a tarar da memorin waya an liƙa shi da gam, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi. Akwai tsohon da aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sa masa sabuwar riga. Wannan manhajar CrystalDiskInfo ke tona shi, don tana nuna awannin da ya yi yana aiki. Amma in ka ga mai tera 1 ya nuna giga 931, kada ka kama wuyan kowa, bambancin lissafin kamfani da na kwamfuta ne.

Sai damfarar suna. Kawu yana ta tambayar Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Sau uku masu tura fim suna rantse mini suna da shi. Na farko wasan kwaikwayo ne na talabijin, na biyu wa'azi ne. Na uku na buɗe shi a gaban yaron, sai ga 'yan Caina suna tashi sama da takubba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan ma ai tsoho ne."