Wata goma ina auna zafin furosesa a Hackintosh ɗina da VirtualSMC da Stats

Yaron shagona ne ya fara lura. Muna tsakiyar fitar da bidiyon wani biki, cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, sai ya juyo ya ce, "Oga, injin nan fa yau kuka yake kamar janareta." Na kasa kunne, na ji gaskiyarsa. Aikin da ya saba ƙarewa cikin minti ashirin ya haura rabin awa bai ko kusa ba. Na ɗora hannu a murfin, na ji da ɗumi. To amma me ba shi da ɗumi a Kano a watan Afrilu? Har kujerar robar da nake kai tana ƙona baya. Hannu ba zai raba mini gardama ba, lamba nake buƙata.

Kwamfutar ba ta Apple ba ce. Irin ta ofis ce, tokumbo, mai furosesa Intel Core i5-8500, mai cibiya shida. Na ɗora mata macOS Ventura, babbar manhajar Apple, ta hanyar OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba, wato abin da masu harkar ke kira Hackintosh. Dalilina ɗaya ne: Final Cut Pro na iya, shi nake cin abinci da shi, ba ya kuma hawa Windows, kuɗin Mac sabo kuwa ba na aljihuna ba ne. Na san sharuɗɗan Apple sun ce babbar manhajarsu ta na'urorinsu ce kaɗai. Saboda haka duk abin da ya taso babu wanda zan kai wa ƙara. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A daren nan na sauko da wata 'yar manhajar auna zafi, na buɗe, ta nuna mini layi babu lamba. Na sauko da wata, ita ma shiru. Har na fara zagin manhajojin a zuci, ashe laifin nawa ne.

Ga yadda abin yake. A cikin Mac na gaske mai furosesan Intel akwai wani ɗan guntu da ake kira SMC. Shi ke kula da fankoki, da batir, da fitilar madannai, shi ne kuma ke riƙe da labarin zafin kowane sashe. Manhajojin auna zafi na macOS yawancinsu ba sa zuwa wurin furosesa kai tsaye, shi suke tambaya, ta wasu sunaye masu harafi huɗu huɗu, kamar TC0P na zafin gefen furosesa ko F0Ac na gudun fanka ta farko. Kwamfutata ba ta da wannan guntu, kuma macOS ba ya ma yarda ya tashi in bai gan shi ba. Shi ya sa kowane Hackintosh ke ɗauke da na bogi. Da can FakeSMC ake yayi, yanzu kusan kowa ya koma VirtualSMC na ƙungiyar Acidanthera, su ne dai masu OpenCore da Lilu, ɗan fayil ɗin da VirtualSMC ke dogaro da shi. Ni ina da VirtualSMC tun ranar farko, amma shi kaɗai aikinsa ya ce wa macOS "ga ni nan" a wuce ƙofa. In ana son ya faɗi zafi sai an haɗa shi da 'yan rakiyarsa: SMCProcessor na zafin furosesa, SMCSuperIO na fankoki. Suna cikin kunshi ɗaya da shi tun ranar da na sauko da shi. Ni ne na tsallake su saboda ɗokin ganin tambarin tuffa a sikirin.

Sanya su ba wuya, amma akwai inda mutum zai yi tuntuɓe, ni ma na yi. Na jefa fayilolin biyu cikin foldar Kexts da ke EFI, wato foldar da OpenCore da kayan aikinsa ke zaune, na kashe na kunna, babu abin da ya canza. OpenCore ba ya ɗaukar abin da ba a rubuta masa a config.plist, fayil ɗin saitinsa, ba, ko da yana kwance a gabansa. Kuma akwai tsari na wa zai riga wa: Lilu a gaba, sai VirtualSMC, sannan 'yan rakiyar. Na buɗe config.plist ɗin da manhajar ProperTree, na danna OC Snapshot, ya jera su da kansa. Bayan ta tashi na buga kextstat a Terminal, na ga sunayensu sun bayyana. Shawara biyu ga mai shirin gwadawa. Ka kwafe EFI ɗinka mai aiki a filashi kafin ka taɓa komai, domin harafi ɗaya in ya karkace sai ka wayi gari da baƙin sikirin da aikin mutane a ciki. Kada kuma ka haɗa FakeSMC da VirtualSMC wuri guda, ko ka ba ɗaya 'yan rakiyar ɗaya. Kishiyoyi ne.

Sai batun manhajar da za ta nuna lambar. Na gwada iStat Menus na kamfanin Bjango, na kuma ji daɗinsa: yana da kyan gani, yana ajiye tarihin zafi mutum ya waiwaya ya ga abin da ya faru da rana. Na kuɗi ne. Na ƙare a kan Stats, wadda kyauta ce, tana GitHub kowa na iya duba cikinta. Tana zama can sama a layin agogo, ta nuna nauyin da ke kan furosesa, da cikar ma'adana, da gudun intanet, da zafi. Abin da nake so ke nan, lamba ɗaya a kusurwa wadda zan kalla da gefen ido ina yanka bidiyo. Tsofaffin bayanai a intanet za su tura ka ga Intel Power Gadget, wadda a zamaninta ita ce ma'aunin kowa, amma Intel ta daina kula da ita, don haka ban gina komai a kanta ba.

Lambar da na fara gani ba ta yi mini daɗi ba. Kwamfuta na zaune ba ta komai, digiri 54. Na sa ta fitar da bidiyo, cikin minti biyu ta haye 90, ta je ta tsaya tsakanin 98 da 100 tana rawa.

Kafin in ɗaga hankalina sai da na tambayi kaina: wannan lamba da ta biyo ta hannun guntun bogi, a yarda da ita? Tafinta ne fa a tsakani, kuma mun san halin tafinta. Binciken da na yi a nan shi ne ya fi komai amfanar da ni. Furosesan Intel na da ma'auni a cikin kowace cibiya, amma ba ya cewa "zafina kaza". Abin da yake faɗa shi ne saura digiri nawa ya kai iyakarsa. Iyakar nan, da ake kira TjMax, a rubuce take a cikin furosesan, kuma ta nawa digiri 100 ce. In ya ce saura 30, manhaja ta ɗebe ta rubuta 70. SMCProcessor wannan lissafin yake yi, daga wurin da Windows da Linux ke ɗauko nasu. Don in kwantar da raina na tashi kwamfutar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi, na buga sensors, na bar ta ta huta minti goma. Bambancin bai wuce digiri biyu ba. Tun daga ranar na daina zargin tafintan.

Wannan bayani ya kuma warware mini dalilin jinkirin. Furosesa in ya taɓo iyakarsa, da kansa yake rage gudu don ya huce, in abin ya ƙi ya yanke wuta gaba ɗaya. Wannan kariya a jikinsa take, ba ruwanta da wace babbar manhaja ke sama, ko an yarda da ita ko ba a yarda ba. Wato tsoron da na kwana da shi, cewa macOS na bogi zai bar injina ya ƙone, ba shi da tushe. Asarar da nake yi ta lokaci ce: furosesan da zai iya kai wa gigahaz 4.1 yana ta ja da baya, ni kuma ina zaune ina jiran bidiyon amarya.

Washegari muka kwance ta. Tsakanin fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi akwai ƙura da ta dunƙule ta zama kamar bargo, guzurin hunturu biyu da ban taɓa buɗe ta ba. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuwa ya bushe ya tsage kamar ragowar kunu a gindin kwano. Wa ya san shekara nawa ya yi tun tana ofishin Turawan da suka fara amfani da ita. Muka hure ƙurar (na sa yatsa na tare fankar kada iska ta juya ta fiye da kima), muka goge tsohon man da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, muka mayar. Na janye akwatin daga lungun tebur inda yake shaƙar iskar da ya fitar. A rana irin ta jiya, a ɗaki ɗaya, hutu ya dawo 44, aiki mai nauyi ya tsaya wajen 80. Bidiyon ya koma minti ashirin ɗinsa, kukan ya ragu.

Akwai wani abu da nake so 'yan'uwa na nan su riƙe. Za ka karanta Bature ya rubuta cewa kwamfuta mai lafiya in tana hutu digiri 30 take nunawa, ka duba taka ka ga 45, ka shiga damuwa. Shi a ɗaki mai digiri 21 yake rubutu. Fanka ba firji ba ce, iskar ɗaki take turawa, ba za ta taɓa sauke ƙarfe ƙasa da zafin iskar ba. In shagonka ya kai 38, to 45 lafiya ce lau. Na rataye ɗan ma'aunin zafin ɗaki a bango, yanzu tazarar da ke tsakanin lambobin biyu nake kallo. A Disamba da safe, ana hazo, na ga 29 da idona. Kwamfutar ɗaya ce, man ɗaya ne, garin ne ya canza.

Yanzu inda abin bai kai ba.

Fanka har yau ban ga gudunta ba. SMCSuperIO na karanta guntayen da aka saba samu a bod na kasuwa, irin su Nuvoton da ITE da Fintek, kwamfutocin ofis kuwa sau da yawa da nasu tsarin suke zuwa. Tawa tana cikinsu. Wani abokina da ya harhaɗa tasa da hannu yana ganin fankokinsa uku. Ni kunne ne ma'aunina, kuma ko da na gani ba zai canza komai ba, tunda BIOS, manhajar da ke jikin bod ɗin, ke juya fankar, macOS ɗan kallo ne.

Sannan jerin ma'aunai zai iya ruɗa baƙo. Za ka ga sunaye uku ko huɗu na zafin furosesa dukkansu da lamba ɗaya, domin a Mac na gaske wurare ne daban-daban, a nan kuwa amsa ɗaya ake ba kowa. Na kashe su duka na bar biyu: na furosesa gaba ɗaya, da cibiyar da ta fi zafi. Lambar kuma tana tsalle. Ka buɗe shafin intanet ta tashi daga 45 zuwa 65 cikin daƙiƙa ta dawo. Makon farko na zama kamar mai jinyar jariri, kowane tsalle sai gabana ya faɗi. Daga baya na gane ma'aunin a cikin ƙwayar siliki yake, wuri ƙanƙane da ke ɗumama nan take. Wadda ta daɗe a sama ita ce abin dubawa. Na rage saurin sabuntawa zuwa daƙiƙa biyar, na samu lafiya.

Masu furosesan AMD, wannan hanya ba taku ba ce, SMCProcessor na Intel ne. Ku nemi SMCAMDProcessor tare da AMDRyzenCPUPowerManagement. Ban gwada ba, ba ni da injin.

Ga wanda ya riga ya shiga harkar, ina ba shi shawarar haɗin nan ba tare da jinkiri ba: kyauta ne, bai taɓa sa kwamfutata ta sandare ba cikin wata goma, kuma ya tsallake duk ƙananan sabuntawar da na yi wa Ventura. Ga wanda bai shiga ba kuwa, ya san kasuwar ta kusa watsewa. Tun 2020 Apple ta koma kan furosesanta na M1 da 'yan bayansa, a 2025 kuma ta sanar cewa macOS Tahoe ne na ƙarshe da zai hau Intel. Ni dai na fara tara kuɗin Mac mini a hankali.

Kafin nan, mun canza tsarin aiki a shago. Yanka da jera hotuna da rana, fitar da manyan bidiyo bayan isha'i ko da sassafe in akwai wuta. Yaron ya mayar da lambar abin wasa, yana wucewa zai leƙa ya ce, "Oga, saba'in da takwas." Na ce masa duk ranar da ya ga 90 ta zauna ba ta sauka, ya ɗauko sukundireba kada ma ya jira ni. Ragowar man na cikin durowa, Maris kuma saura mako uku.