Sharhi: Dare ɗaya da mawaƙan Tallis Scholars

Su goma ne suka jeru kamar rabin da'ira a cikin wani tsohon coci a nan Ingila, maza da mata, duk cikin baƙaƙen kaya. Babu ganga, babu piyano, ko lasifika babu. Peter Phillips, wanda ya kafa ƙungiyar a 1973, ya ɗaga hannu kaɗan, sai muryoyi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Kunnen da ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa sai ya ɗan sha wuya da farko, domin a nan babu mawaƙi ɗaya da ke jan sauran. Kowace murya da hanyarta, mutum biyu ne ke riƙe da ita, kuma dole su haɗe har ka ɗauka mutum ɗaya ne. Na zuba wa mata biyun da ke riƙe da murya mafi tsayi ido, tare suke jan numfashi, tare suke rufe baki. A waƙoƙin Thomas Tallis, mai tsara waƙoƙi ɗan Ingila wanda ya rasu a 1585, wata murya za ta ɗauko jimla, kafin ta kai ƙarshe wata ta bi sawunta daga ƙasa, har sautin ya cika rufin cocin. Wannan aiki ne na shekara da shekaru, kuma ana jin sa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sa waƙoƙin Arvo Pärt, ɗan ƙasar Istoniya da aka haifa a 1935, a tsakanin na Tallis. Tazarar ƙarni huɗu ce tsakaninsu, amma sun zauna da juna daram. Pärt ba ya son cunkoso. Yakan bar shiru mai tsawo tsakanin jimloli, kuma mawaƙan ba su yi gaggawar cike shi ba. Wanda ba shi da haƙuri zai iya ƙosawa a wannan ɓangaren, ni kam shi na fi so.

Waƙoƙin coci ne, akasarinsu da Latin, don haka a karɓi takardar fassarar da ake rabawa a ƙofa. Tikitin ba arha ba ne, amma ban yi da-na-sani ba. A nemi kujerar tsakiya, nesa da ginshiƙai, kuma a zo da rigar sanyi, domin bencin katako da bangon dutse ba sa riƙe ɗumi.