Yadda Misirawa suka adana muryar Ummu Kulsum

'Yan uwa, gaisuwa daga Alƙahira. A ƙarshen tsibirin Rauda ta kudu, dab da tsohon ma'aunin ruwan Kogin Nilu, akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2001 saboda mace guda, mawaƙiya Ummu Kulsum. Gidan bai da wani girma, amma Bahaushen da ya shiga sai ya fito jiki a sanyaye.

A akwatunan gilashi ga rigunanta, ga baƙin tabarau ɗinta, ga hankicin da take matsewa a hannu in tana waƙa, ga lambobin yabo da wasiƙun shugabanni. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne ɗakin sauraro. Ka zauna gaban kwamfuta, ka nemo waƙa, ka ji ta garau. Kuma a garin nan kowace waƙarta an san asalinta. Direban tasi ma zai gaya maka Ibrahim Naji ne ya rubuta baitocin waƙarta Al-Aɗlal, Riyad Sunbaɗi ya yi mata kiɗa, ta rera a 1966.

'Yar limamin ƙauyen Ɗamay Zahayra ce. Mahaifinta yakan sa mata kayan maza su zaga bukukuwa tana yabon Manzon Allah (SAW), kuma haddar Alƙur'ani ce ta gyara mata harshe, ko harafi ɗaya ba ya ɓata a bakinta. Da aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934 da ita aka fara. Daga baya Alhamis ɗin farko ta wata ta zama tata: waƙa biyu ko uku a dare, kowacce kusan awa guda, ga masu udu da kanun (kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya) da sarewa da goge a bayanta. Baiti ɗaya sai ta yi ta juya shi, jama'a na ihu a maimaita. Rediyo na ɗauka, ana rubuta kwanan wata, ana ajiyewa. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975, amma har yau ba daren da ba a jin ta a shagunan shayi.

To mu fa? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ina ɗakin da yaro zai shiga ya ga kalangun makaɗan Shata, ko ya san shekarar da aka yi wata waƙa? Sai dai a waya, murya a dishe, an yanke farko, ba sunan 'yan amshi. Wallahi abin da ciwo, musamman da daddare in kewar gida ta taso.

Misirawan ma ba su tsira ba, don gidan Ummu Kulsum na unguwar Zamalik rushe shi aka yi aka gina otal. Amma faifan ba su bari ya lalace ba.

Mu kuwa namu a kaset yake, kuma kaset zafi da danshi ke kashe shi. Damina ta sa masa fumfuna, zaren ya manne da juna, ƙurar hunturu ta kankare shi, rana ta lanƙwasa robar. Don Allah mai kwalin kasakasai a ƙarƙashin gado ya fito da su, ya jera a tsaye a ɗaki mai sanyi marar laima, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Wanda ya yi fumfuna kada a tura shi rikoda, tsinkewa zai yi. Sauran a juye su a kwamfuta, kwafi biyu a wurare daban, a nemi dattijon da ya halarci wasan ya faɗi gari da shekara, a rubuta a jiki.