Difloma ko kwas ɗin kamfani: wanne ya fi wa mai son gyaran na'urorin asibiti?

Ɗan'uwa, tsakanin diflomar shekara 2 a makarantar fasaha da gajeren kwas ɗin kamfanin da ke ƙera na'urori, ɗauki diflomar. Sharaɗi ɗaya ne: ta haɗa da watannin sanin makamar aiki a sashen gyara na asibiti, kada a ƙare a allo da alli.

Yawancin na'urorin da ake jibgewa a lungu da takardar "ta lalace" ba wani babban ciwo ke damunsu ba. Fis ne ya ƙone, ko batir ya mutu, ko waya ta karye daga cikin robarta, ko matatar iska ta toshe da ƙura. Diflomar kirki nan take fara ka: karanta zanen lantarki, riƙe mitar awon lantarki, liƙi da dalma, sai ɗan sanin yadda zuciya da huhu ke aiki, don ka gane abin da na'urar ke aunawa.

Ɗauki na'urar tace oksijin. Kwamfireso na tura iskar ɗaki cikin gwangwani biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin, oksijin ya fito da ƙarfin kashi 90 zuwa 96 cikin 100. In ya sauka ƙasa da 82, ƙararrawa ta fara kuka. Wanda bai da tushe zai ce a sayo sabon kwamfireso. Wanda ya koya zai fara cire soson matatar waje, ya wanke, ya bari ya bushe ƙayau kafin ya mayar. Sai ya sa ma'aunin oksijin a bakin fita, ya gwada a lita 2 a minti, ya ƙara zuwa 5. In ya yi kyau a 2 ya zube a 5, ya bi bututu yana neman yoyo, ya auna matsi, daga ƙarshe ya zargi ziyolait da ya sha danshi. Wannan bin matsala daki-daki shi ne sana'ar, kuma a kowace na'ura zai yi maka aiki. Otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki, in ta kasa kai zafin digiri 121, robar ƙofa za ka fara dubawa, sannan ƙarfen dumama da gishirin ruwa ya daskare a kansa.

A diflomar ne kuma za a koya maka gwajin kariya bayan kowane gyara, bisa IEC 62353, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin na'urorin asibiti: juriyar wayar ƙasa haɗe da igiyar wuta kada ta wuce om 0.3 (om shi ne ma'aunin juriyar lantarki), a kuma auna wutar da ke tsiyaya zuwa jikin majiyyaci. Na'urar farfaɗo da bugun zuciya ana sauke wutarta ne a kan ma'auni mai om 50, a ga ko ƙarfin wuta na jul 200 da aka zaɓa shi ne ya fito. Kafasitarta, wato ma'ajiyar wutarta, na iya riƙe wuta bayan an kashe ta. Ba a taɓa ta sai an sauke wutar.

Kwas ɗin kamfani fa? Yana da ranarsa. In kana kula da na'urar hoton cikin jiki ta CT ko injin wankin ƙoda, ba makawa, domin lambar shiga sashen gyara da littafin sabis a hannun kamfanin suke. Amma samfuri ɗaya ake koya maka cikin 'yan kwanaki, galibi cire wannan allon lantarki sa wancan. Bari wurin aikinka ya tura ka daga baya.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu tallar "zama injiniyan asibiti cikin mako 2". Takarda mai ado suke sayarwa, da bidiyon da ake samu kyauta a intanet. Wasu har tambarin manyan kamfanoni suke mannawa ba izini. Kafin ka biya ko sisi, bincika rajistar makarantar a hukumar da ke kula da ilimin fasaha, sannan ka je da ƙafarka ka ce a nuna maka ɗakin gwaji. Nemi na'urar gwajin kariyar lantarki da mai kwaikwayon bugun zuciya, ka duba takardar daidaita su ko kwananta bai wuce ba. Tambayi ɗalibai nawa ke raba tebur ɗaya, da sunan asibitin da ake tura su. In suka fara kame-kame, juya abinka.