Fayil Yana Nan, Sabar Ta Ce Babu: Wane Masauki Za Ka Biya Wa Shafinka?

Mai shago ya ɗora hoton sabon kaya a shafinsa, ya buɗe adireshin, sai 404 ta fito, wato saƙon da ke cewa ba a sami fayil ba. Ya koma ya duba, ga fayil nan zaune a folda. Babu masaukin shafi (wurin da kamfani ke ajiye maka shi a intanet) da wannan ba ya faruwa a cikinsa, amma sanadin ya bambanta, kuma wahalar gyaran ba ɗaya ba ce. Tun kafin ka ciro kuɗi ya kamata ka san wacce za ka iya ɗauka.

Mafi arha shi ne masaukin tarayya, inda shafuka da yawa ke raba sabar guda, irin wanda ake sarrafawa da allon saiti mai suna cPanel. Gidan haya ne, ɗaki naka, amma mita da makullin ƙofar gida suna hannun mai gida. A nan galibi ɓatan fayil ba ya wuce abu biyu. Ko dai an ɗora shi a wajen public_html, foldar da sabar ke nuna wa baƙi, ko kuma suna ne ya saɓa. Windows ba ta damu da babban harafi ko ƙarami ba, Linux kuwa, wadda galibin sabar ke aiki da ita, tana ganin Hoto.JPG da hoto.jpg a matsayin fayiloli biyu daban. In matsalar ta wuce nan, sai dai ka rubuta wa kamfanin ka zauna jira. Ga ƙaramin shafin kasuwanci, wannan ya isa.

Sai VPS, inda aka ware maka ɓangaren sabar da ke aiki kamar kwamfutarka kai kaɗai, ka girka manhajar sabar, Apache ko Nginx, da kanka. A nan ne mutane suka fi shan wuya, a nan kuma aka fi gane bakin zaren, domin kana iya buɗe kundin kurakurai ka ga ainihin inda sabar ta je neman fayil ɗin. Sau da yawa za ka tarar tana duba wata folda daban da wadda ka zuba a ciki. Nginx tana da wani saiti, open_file_cache, wanda in an kunna shi tare da ajiyar kurakurai, sai ta riƙe amsar "babu" na ɗan lokaci ko da fayil ya iso. A nau'o'in Linux irin su AlmaLinux da Rocky kuma akwai tsarin tsaro mai suna SELinux: fayil ɗin da aka kwaso da umarnin mv yana zuwa da tsohon tambarinsa na tsaro, sai a hana sabar taɓa shi, har sai an gyara tambarin da umarnin restorecon. Amma wannan yawanci 403 yake bayarwa, wato an hana shiga, haka ma matsalar izini, wadda saita lambar izini 644 ga fayil da 755 ga folda suke warwarewa. Wanda bai taɓa rubuta umarni a baƙin allo ba, kada arhar VPS ta ruɗe shi.

Dandamali irin su Heroku, waɗanda ke tafiyar maka da manhaja ba sai ka kula da sabar ba, suna da daɗin aiki, sai dai duk abin da aka ɗora a faifansu na wucin gadi ne. Da an sake tayar da manhajar, hotunan da baƙi suka ɗora sun tafi. Haka in shafi yana kan sabar biyu, hoton da ya sauka a ɗaya, ɗayar ba ta san da zamansa ba, shi ya sa yake fitowa yanzu, an jima ya ɓace.

Maganin wannan shi ne rumbun ajiya na daban kamar Amazon S3. Tun Disambar 2020 duk abin da aka rubuta a can ana iya karanta shi nan take. Ana biya ne gwargwadon abin da ka ajiye da abin da aka sauke, don haka shafi mai bidiyo da yawa ya yi lissafi tukuna.

Ni a ganina, shafin da mai shi kaɗai ke ɗora kaya ya zauna a masaukin tarayya. Wanda jama'a ke ɗora masa hotuna da takardu, ya haɗa VPS da rumbun ajiya tun farko. In kuma ka sa Cloudflare, wadda ke ajiye kwafin shafi don saurin buɗewa, a gaba, ka tuna ita ma takan riƙe 404 na hoto na 'yan mintuna, don haka ka share ma'ajiyarta kafin ka kira kamfanin masauki da faɗa.